Yadda ake tsara hanyar fitar da zakara a gasar jami'o'i ta ƙirƙira

Duk wanda ya zauna zai ƙirƙiri gasar wasannin jami'o'i, ko don labarin da yake rubutawa ne, ko don gasar da shi da abokansa suke bugawa a kwamfuta, yakan fara da abubuwan da suka fi daɗin yi, wato sunayen makarantu da launin riguna da tarihin gaba tsakanin maƙwabta. Hanyar da za a bi a fitar da zakara kuwa sai a bar ta sai kakar wasa ta zo ƙarshe, a lokacin da ƙungiyoyi uku suka yi kunnen doki a saman teburi, kuma duk hukuncin da aka yanke sai ya zama tamkar an yi son kai. Wannan jagora na wanda yake so ya gina irin wannan gasa ne a kan salon Amurka, domin a can ne wasannin jami'o'i suka fi girma, kuma a can ne aka gwada kusan kowace hanya ta fitar da zakara aka ga inda take yoyo.

Matakin farko shi ne mai tsarawa ya yanke wa kansa shawara a kan abin da kalmar zakara take nufi a gasarsa. Tana iya nufin ƙungiyar da ta fi kowa ƙoƙari tun daga makon farko har zuwa na ƙarshe, kuma tana iya nufin wadda ta rage a tsaye bayan an yi wasannin sili ɗaya ƙwale. Masu kallon ƙwallon Turai sun san bambancin nan ba tare da an yi musu dogon bayani ba, domin shi ne bambancin da ke tsakanin gasar Firimiya ta Ingila da Kofin Zakarun Turai. Sau da yawa waɗannan ma'anoni biyu ba sa faɗawa kan ƙungiya ɗaya, kuma mafi yawan rigingimun da aka yi a tarihin wasannin jami'o'in Amurka sun samo asali ne daga ƙoƙarin a kama su duka biyu da hannu ɗaya.

Bayan wannan sai a ƙirga ƙungiyoyi, domin yawansu ne yake iyakance abin da zai yiwu. Idan kowa zai kara da kowa sau ɗaya, ana samun jimillar wasanni ne ta hanyar ninka yawan ƙungiyoyin da adadin da ya gaza shi da ɗaya, sannan a raba biyu. Ƙungiyoyi 8 za su buga wasanni 28, kowace ta buga 7. Ƙungiyoyi 10 za su buga 45, su 16 kuwa za su buga 120, kowace tana da wasanni 15 a gabanta. A ƙwallon kwando wannan ba matsala ba ce, saboda ana iya buga wasa biyu ko uku a mako guda. A ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wadda ake rungumar ƙwallo ana karo da juna, ba a buga fiye da wasa ɗaya a mako, kuma manyan jami'o'i wasanni 12 kacal suke bugawa kafin a shiga zagayen ƙarshe. Kada kuma a manta cewa 'yan wasan nan ɗalibai ne masu jarrabawa a gabansu, don haka kalandar karatu ita ce take yanka wa kakar wasa iyaka.

Idan gasar ƙarama ce, mai ƙungiyoyi takwas zuwa goma, shawarata ita ce a bar teburi ya yi hukunci. Haɗakar Ivy League, wato gungun jami'o'in da suke gasa a tsakaninsu, wadda ta ƙunshi jami'o'i takwas da suka haɗa da Harvard da Yale da Princeton, tana yin haka a ƙwallon ƙafa irin ta Amurka tun 1956: kowa ya kara da kowa, wanda ya fi yawan nasara ya ɗauki kambu, idan kuma biyu ko uku suka zo daidai sai su raba shi a tsakaninsu. Raba kambu ba abin kunya ba ne muddin ba a buƙatar tura wakili ɗaya zuwa wata babbar gasa. Da zarar akwai kujera ɗaya tak da za a cike, raba kambu ya daina warware komai.

Misalin da ya kamata kowane mai tsara gasa ya sani a nan shi ne na shekarar 1973 a haɗakar Big Ten. Michigan da Ohio State sun haɗu a wasan ƙarshe na kaka, babu wadda aka taɓa dokewa a cikinsu, suka tashi 10 da 10. Kambun haɗaka sun raba shi, amma ɗaya ce kawai za ta je Rose Bowl, babban wasan da ake yi bayan kaka, sai aka bar wa daraktocin wasanni na jami'o'in haɗakar su kaɗa ƙuri'a, suka zaɓi Ohio State. Magoya bayan Michigan sun shafe shekaru suna jin ciwon wannan hukunci, kuma abin da ya fi yi musu zafi shi ne an yanke shi ne bayan kowa ya riga ya san wanda zai amfana. Saboda haka duk dokar da gasarka za ta yi aiki da ita, a rubuta ta kafin a busa usur na farko.

Idan ƙungiyoyin sun kai 12 ko fiye, kowa ba zai iya karawa da kowa ba, kuma daga nan teburi kaɗai ya daina faɗin gaskiya cikakkiya, domin wata ƙungiyar tana iya tara nasarori ba tare da ta taɓa haɗuwa da manyan abokan hamayya ba. Tsohuwar dabarar ita ce a raba gasar rukuni biyu, kowane da ƙungiyoyi shida, kowace ƙungiya ta buga wasa biyar da 'yan rukuninta da kuma uku da na ɗaya rukunin, sannan jagororin rukunonin biyu su haɗu a wasa ɗaya na fitar da gwani. Haɗakar SEC ta kudu maso gabashin Amurka ce ta fara yin haka a matakin manyan jami'o'i a 1992, bayan da Arkansas da South Carolina suka shigo suka cika ta 12, kuma Alabama ta doke Florida a wasan farko da aka yi a birnin Birmingham. Tsarin yana da kyau ga mai ba da labari, domin yana tanadar da rana ɗaya da kowa yake jira. Rauninsa shi ne rukunonin ba sa zama daidai da ƙarfi, ta yadda ƙungiya ta biyu mafi ƙarfi a duk gasar tana iya zama a gida tana kallo don kawai ta faɗo rukuni ɗaya da ta farko. Wannan ne ya sa SEC da Big Ten suka soke rukunoni a 2024, lokacin da ta farko ta kai jami'o'i 16 ta biyu kuma 18, suka koma ɗaukar biyun da ke saman teburi guda. Sai dai wannan ma ya zo da nasa nauyin, domin yanzu ana kwatanta ƙungiyoyin da ba su buga da abokan karawa iri ɗaya ba, kuma dokokin raba gardama sun ƙara tsawo.

Dokokin raba gardama su ne wurin da ya fi cancantar a daɗe a kansa. Idan ƙungiyoyi biyu ne suka yi kunnen doki, abin da sauƙi: wadda ta doke ɗaya a karawarsu ita ce a gaba. Jami'o'in Amurka kusan duk da wannan suke farawa, kamar yadda gasar La Liga ta Sifaniya take yi, saɓanin Ingila inda ake fara duba bambancin ƙwallaye, wanda da shi ne Manchester City ta ɗauki kofi a 2012 bayan ita da Manchester United sun gama da maki 89 kowacce. Wanne ya fi? A gasar ɗalibai ni na fi karkata ga sakamakon karawa, domin bambancin ƙwallaye yana sa babbar ƙungiya ta ci gaba da dukan ƙarama ko bayan wasa ya riga ya mutu, kuma wannan dalili ne ya sa aka cire tazarar ci daga lissafin kwamfutocin da ake amfani da su a lokacin wajen jera jami'o'in Amurka tun daga 2002.

Wahalar tana zuwa ne idan su uku ne, kuma kowace ta doke ɗaya ta sha kashi a hannun ɗaya. Haka ta faru a rukunin kudu na haɗakar Big 12 a 2008. Texas ta doke Oklahoma 45 da 35, Texas Tech ta doke Texas 39 da 33, Oklahoma kuma ta lallasa Texas Tech 65 da 21, kowace ta gama da nasara bakwai da rashin nasara ɗaya a haɗakar. Aka bi matakan raba gardama ɗaya bayan ɗaya babu wanda ya raba su, har aka zo kan matakin da ya ce a duba wadda ta fi matsayi a jerin ƙasa baki ɗaya, jerin da ƙuri'un mutane da lissafin kwamfuta suke fitarwa. Oklahoma ce ta wuce, Texas da ta doke ta a fili tana zaune a gida. Dokar a rubuce take tun kafin kaka, don haka ba a yi maguɗi ba, amma ta nuna cewa rubuta doka da wuri bai wadatar ba idan ba a gwada ta ba.

Ga yadda zan jera matakan a gasa ta ƙirƙira. A fara da ƙaramin teburi na wasannin da ƙungiyoyin da suka yi kunnen dokin suka buga a tsakaninsu kaɗai. Idan bai raba ba, a duba sakamakonsu a kan abokan karawar da duka suka haɗu da su. Idan har yanzu suna daidai, a duba yadda kowace ta yi da ƙungiyar da ke biye musu a teburi, a ci gaba da gangarowa har a sami bambanci. Bayan wannan a duba ƙarfin jadawali, wato jimillar nasarorin da abokan karawar kowace ƙungiya suka samu, domin wadda ta bi ta hanya mai ƙaya ta cancanci a fifita ta. Sai a ƙarshe, idan komai ya ƙi, a jefa ƙuri'a a gaban wakilan kowa. Akwai jumla ɗaya da dole ne ta shiga cikin dokar, kuma ita ce aka fi mantawa: da zarar wani mataki ya fitar da ƙungiya ɗaya daga cikin uku, biyun da suka rage su koma matakin farko, wato sakamakon karawarsu. Idan ba a rubuta wannan ba, za a sami fassara biyu ga doka ɗaya, kuma kowane ɓangare zai riƙe wadda ta yi masa daɗi.

Idan gasarka ta ƙunshi haɗakoki da yawa a faɗin ƙasa, to akwai hawa na biyu, wato fitar da zakaran ƙasa, kuma a nan tarihin Amurka ya ba da hanyoyi uku da za a zaɓa. Ta farko ita ce ƙuri'a. Tun 1936 kamfanin dillancin labarai na AP yake tattara ra'ayin 'yan jarida yana jera ƙungiyoyi, daga 1950 kuma masu horarwa suka sami tasu ƙuri'ar, kuma shekaru da dama wanda ya zo na ɗaya a ƙarshen kaka shi ake kira zakara ba tare da wasan ƙarshe ba. Sakamakon shi ne a wasu shekarun an sami zakaru biyu: Colorado da Georgia Tech a 1990, Miami da Washington a 1991, Michigan da Nebraska a 1997. Marubucin da labarinsa yake faruwa a wancan zamani, ko wanda yake son gardamar da ba ta ƙarewa, zai sami abin da yake nema a wannan hanya.

Ta biyu ita ce a haɗa ƙuri'a da lissafi a zaɓi ƙungiyoyi biyu su buga wasa ɗaya, kamar yadda tsarin BCS ya yi daga 1998 zuwa 2013. Yana aiki lafiya a shekarar da ƙungiyoyi biyu ne suka yi wa kowa zarra, amma ba kowace shekara take zuwa da biyu cif ba. A 2003 an sake raba kambu tsakanin LSU da USC, a 2004 kuma Auburn ta gama kaka ba a doke ta ba amma ba ta sami gurbi a wasan ƙarshe ba. Ban ba da shawarar wannan hanya ga gasar da abokai suke bugawa a tsakaninsu ba, domin wanda ya rubuta lissafin shi za a zarga.

Ta uku ita ce sili ɗaya ƙwale, kuma tambayar da ke cikinta ita ce su wa za su shiga kuma su nawa. Gasar ƙwallon kwando ta maza ta hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta fara da ƙungiyoyi 8 a 1939, ta kai 64 a 1985, sannan 68 a 2011, kuma ana cike guraben ta hanya biyu: zakaran kowace haɗaka yana shiga kai tsaye, sauran kuma kwamiti ne yake zaɓar su. Wannan haɗi yana da hikima, domin yana ba ƙaramar makaranta tabbacin cewa idan ta ci haɗakarta babu mai hana ta, yana kuma hana a bar babbar ƙungiya a waje saboda tuntuɓe ɗaya. A ƙwallon ƙafa an fara da ƙungiyoyi huɗu a 2014, duka kwamiti ne yake zaɓar su, babu gurbin kai tsaye. A wannan shekara ta farko Baylor da TCU suka raba kambun Big 12, aka bar su duka a waje, a 2023 kuma Florida State ta ci wasanninta 13 duka har da kofin haɗakarta, kwamiti ya tsallake ta bayan babban ɗan wasanta mai jefa ƙwallo ya ji rauni. A 2024 aka faɗaɗa zuwa 12, tare da gurbin kai tsaye ga zakarun haɗakoki biyar da suka fi matsayi. Abin da mai tsarawa zai ɗauka daga nan shi ne ya rubuta ƙarara ko kwamitinsa yana auna abin da ƙungiya ta riga ta yi ne ko abin da ake zaton za ta iya yi gobe, domin rikicin Florida State gaba ɗaya a kan wannan gaɓa ya tsaya.

Wajen zaɓar yawan zagaye, ɗan lissafi kaɗan zai taimaka. A ɗauka akwai ƙungiyar da take da damar cin kowane wasa kashi 80 cikin 100, wadda ke nan ta fi kowa nesa ba kusa ba. Idan wasa biyu za ta ci ta ɗauki kofi, damarta kashi 64 ce. Idan huɗu ne, ta sauko kusan 41. Idan shida ne, kamar yadda ake buƙata a gasar ƙungiyoyi 64, ta koma kusan 26, wato sau uku cikin huɗu wata ce daban za ta ɗaga kofin. Wannan ba lissafin takarda kawai ba ne: a 2018 Virginia ta shiga gasar kwando a matsayin ta ɗaya a ƙasa, jami'ar UMBC mai lamba 16, wato ta ƙarshe a ɓangarenta, ta fitar da ita a wasan farko da ci 74 da 54, abin da bai taɓa faruwa a gasar maza ba kafin ranar, sai kuma Virginia ta dawo ta ci kofin a 2019. Mai son abin mamaki ya ƙara zagaye, mai son gwani ya yi nasara ya rage su. Akwai kuma hanyar tsakiya da gasar besbol ta jami'o'i take bi a birnin Omaha, inda ƙungiyoyi takwas suke haɗuwa, ba a fitar da kowa sai an doke shi sau biyu, sannan biyun ƙarshe su yi wasa uku, wanda ya riga cin biyu ya ɗauka.

Jera ƙungiyoyi bisa lamba yana biye da wannan. Ƙa'idar ita ce ta ɗaya ta haɗu da ta ƙarshe, ta biyu da ta kusa da ƙarshe, a kuma ajiye ta ɗaya da ta biyu a ɓangarori daban don kada su haɗu sai a wasan ƙarshe. Idan yawan ƙungiyoyin bai zama 4 ko 8 ko 16 ko 32 ko makamancin wannan ninki ba, dole wasu su huta a zagayen farko, kuma a yi hankali da wanda za a ba wannan hutu. A kakar 2024 an ba zakarun haɗakoki huɗu hutun ko da matsayinsu a jerin ƙasa bai kai ba, dukansu huɗu suka faɗi a wasansu na farko, Ohio State mai lamba takwas ta ci kofin, kuma a shekara mai biye aka gyara dokar aka koma bin jerin kai tsaye.

Saura abubuwa biyu da ba a cika tunawa da su ba sai sun faru. Na farko shi ne abin da za a yi idan ƙungiyar da ke saman teburi tana ƙarƙashin hukunci. A 2012 Ohio State ta ci duk wasanninta amma an hana ta wasannin bayan kaka, Penn State ma an hana ta, sai Wisconsin da ta zo ta uku a rukuninsu ta je wasan ƙarshe na Big Ten, ta kuma doke Nebraska 70 da 31. Dokar gasarka ta faɗi ko wasannin da aka buga da ƙungiyar da aka hukunta suna cikin lissafi, da kuma wanda zai gaji gurbinta. Na biyu shi ne ƙwace kambu bayan an riga an yi biki, kamar yadda aka yi wa Louisville a 2018 game da kofin kwando na 2013. A tsarin NCAA ba a miƙa kofin ga wadda ta zo ta biyu, ana barin shekarar ne babu zakara a littafi, kuma mai ƙirƙirar gasa yana da 'yancin bin wannan ko saɓa masa, muddin ya zaɓa tun da wuri.

Kafin a rufe kundin dokokin, a gwada shi da sakamakon da aka ƙago da gangan don a karya shi. A rubuta kaka wadda ƙungiyoyi uku suka doke juna a zagaye, da wata wadda biyu suka yi kunnen doki ba tare da sun taɓa haɗuwa ba, da wata wadda ruwan sama ko yajin aiki ya hana a buga wasa ɗaya har ƙungiyoyi suka gama da yawan wasanni mabambanta, wanda a nan gara a yi amfani da kason nasara cikin ɗari maimakon jimillar nasarori. Sannan a miƙa dokokin da waɗannan sakamako ga mutum biyu da ba su da hannu a rubuta su, kowa ya zauna shi kaɗai ya fitar da zakara. Idan suka fito da suna ɗaya a dukkan gwaje-gwajen, a sa hannu a raba wa kowace ƙungiya kwafinta kafin ranar buɗe kaka. Idan suka saɓa ko da a guda ɗaya ne, a nemo jumlar da suka fahimta daban, a sake rubuta ta, a kuma maimaita gwajin da wasu mutum biyu.